Ciwon da Ke Ɓuya a Gareji: Land Rover da Tarihin Binciken Raunin Inji

A cikin dukan larurorin da ake kai wa bakanike babu mai wuyar ganewa kamar raunin inji mai zuwa yana tafiya, wato yanayin da mota za ta ci kilomita talatin ko arba'in lafiya lau, sannan ta soma shaƙewa a tsakiyar hawa, direba yana taka totur ita kuwa ba ta amsawa, idan kuma aka tsaya aka ba ta 'yan mintuna sai ta tashi ta ci gaba kamar babu abin da ya same ta. Abin da ya lalace gaba ɗaya yakan nuna kansa, domin bel da ya tsinke ko lagireto da ya fashe ba sa buƙatar dogon bincike, amma wannan ciwo yakan lafa da zarar an shigar da motar gareji, ya bar mai ita da kunyar bayani, ya bar bakanike da injin da ke kaɗawa sumul. Hanyoyin da aka bi aka koyi kama shi wani babban yanki ne na tarihin kanikanci, kuma motar da ta fi dacewa a bi wannan tarihi ta kanta ita ce tsohuwar Land Rover, wadda Hausawa ke kira Landiroba, saboda ta daɗe tana aiki a wuraren da babu wani mai gyara sai wanda ke cikinta.

Kamfanin Rover na Ingila ya fara nuna wannan mota a baje kolin motoci na birnin Amsterdam ranar 30 ga Afrilu, 1948, bayan babban injiniyansa, Maurice Wilks, ya ga amfanin wata jif ta sojojin Amurka da yake aiki da ita a gonarsa ta tsibirin Anglesey. Ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, don haka aka ƙera gangar jikinta da alminiyom, aka ɗora a kan shasi na ƙarfe, wato ƙashin da ke ɗauke da inji da ƙafafu. Injin farko mai lita 1.6 ne, amma wanda ya yi suna shi ne mai silinda huɗu da girman lita biyu da kwata, wanda ya zo tare da samfurin Series II a 1958, ya kuma ci gaba da fita daga masana'antar Solihull da ɗan gyare-gyare har zuwa tsakiyar shekarun 1980. Zuwa 1976 an ƙera Land Rover miliyan ɗaya, kuma kaso mai yawa daga cikinsu ƙasashen waje aka kai.

A Arewacin Nijeriya motar ta samu gindin zama tun shekarun 1950, lokacin da kwalta ba ta wuce 'yan manyan hanyoyi ba, sauran kuwa burji ne mai gargada da rani, taɓo da damina. Di'o yana rangadi da ita, En'e da 'yan sanda suna da nasu, haka ma malaman gona da na dabbobi da ma'aikatan lafiya, har da masu kai majigi ƙauyuka. Gyaranta a farko yana hannun garejojin ma'aikatar ayyuka da na kamfanonin Turawa masu sayar da ita, inda yara suka koyi aikin a ƙarƙashin manya, daga baya da yawansu suka fita suka kafa nasu garejin a gindin bishiya ko a bakin tasha. Abin lura shi ne, direban gwamnati da yaron motarsa su ma kanikawa ne na dole, domin motar da ta cije tsakanin wani ƙauye da wani, nesa da gari, ba ta da wanda zai duba ta sai su, kuma su ne kaɗai ke ganin ciwon a lokacin da yake faruwa.

Tushen binciken duka wani lissafi ne mai sauƙi. Injin fetur yana buƙatar mai da iska a gauraye daidai gwargwado, da matsi a cikin silinda, da tartsatsin wuta da zai zo a kan lokacinsa. Matsi yana dogara ne da lafiyar fistin da zobbansa da bawuloli, waɗannan kuwa idan suka ci, rauninsu kullum yana nan, safe da yamma, a hawa da gangara. Saboda haka raunin da ke zuwa yana tafiya ba kasafai yake fitowa daga cikin injin ba, kusan kullum daga hanyar mai yake ko daga hanyar wuta, kuma akwai wani sharaɗi da ke tayar da shi, ko zafi, ko girgiza, ko karkatar mota, ko yawan man da ya rage a tanki, ko tsawon lokacin da aka yi ana gudu. Wannan ne ya sa gwanin bakanike kan daɗe yana yi wa direba tambayoyi kafin ya taɓa sifana: da sanyin safiya take yi ko sai rana ta take, a hawa ne ko a shimfiɗaɗɗiyar hanya, tanki a cike ko ya yi ƙasa, a hankali ƙarfin ke zarewa ko farat ɗaya yake yankewa, kuma a ina aka sha mai na ƙarshe. Akwai ma raunin da ba ciwo ba ne ko kaɗan, domin injin da ba shi da na'urar ƙara masa iska yana rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau, don haka motar da ta tashi daga Lakwaja ta isa Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, dole ta yi sanyi, balle wadda ta hau tsaunin Mambila.

Hanyar mai ita ce ta fi yawan tarkuna. A gajeriyar Land Rover tankin yana ƙarƙashin kujerar gaba, daga nan siririn bututu ya ɗauko mai zuwa wani ƙaramin famfo da ke manne a jikin injin, wanda motsin injin ne ke kaɗa wata fatar roba a cikinsa tana zuƙowa tana turawa zuwa kafireta, wato na'urar da ke gauraya mai da iska. A jikin famfon akwai wani ɗan kofin gilashi da aka ɗaure da waya da noti guda, kuma da wuya a samu wani abu a motar da ya yi wa masu bincike hidima kamarsa. Idan akwai ruwa a cikin mai, za a gan shi kwance a ƙasan kofin kamar ɗigon gilashi, man yana samansa, idan tanki ya yi tsatsa jan gari zai taru, idan kuma iska na shiga ta wani wuri za a ga ƙananan kumfa suna tasowa. Mai duba shi yakan kwance notin da yatsu, ya zubar, ya goge da bakin riga, ya busa 'yar ragar da ke samansa, sannan ya danna ɗan hannun da ke ƙasan famfon ya ga ko kofin zai sake cika da sauri.

Mafi shaharar ciwon zafi shi ne tafasar mai a cikin bututu. Fetur gauraye ne na sinadarai masu yawa, kuma mafi sauƙinsu suna fara zama tururi tun zafi bai kai digiri 40 ba, alhali a watan Afrilu zafin inuwa kansa yakan haura haka a Kano da Sakkwato da Maiduguri, balle ƙarƙashin bonet ɗin motar da ke jan jiki cikin yashi da ƙaramar giya, babu iskar da ke ratsa ta. Famfon an yi shi ne don ya tura mai yana ruwa-ruwa, idan tururi ya cika shi sai ya yi ta bugu a banza, kafireta ta bushe, injin ya mutu a hankali. Bayan minti goma ko ashirin tururin ya huce ya koma mai, motar ta tashi, kuma a gareji ba za a samu ko abu ɗaya da ya lalace ba. Maganin direbobi shi ne jiƙaƙƙen tsumma da ake naɗe famfon da shi ana yayyafa masa ruwa, wanda magani ne kuma gwaji ne a lokaci guda, domin idan motar ta warke da tsumma an san inda ciwon yake, saura a nisanta bututun daga zafin salansa ko a yi masa garkuwa.

Sauran tarkunan sun fi wannan wayo. Murfin tanki yana da ɗan ƙaramin huji da iska ke shiga ta maye gurbin man da aka sha, idan ƙura ta toshe shi sai tankin ya riƙe man kamar yadda gora mai ƙaramin baki ke riƙe ruwa, kuma hakan ba ya bayyana sai an yi doguwar tafiya. Wanda ya san wannan yakan buɗe murfin nan take da motar ta tsaya, ya kasa kunne, idan ya ji iska ta faɗa ciki da ƙara to bincike ya ƙare. Haka kuma ɗan ganye ko guntun tsumma ko leda da ya faɗa cikin tanki zai yi ta yawo har sai zuƙar famfo ta manna shi a bakin bututu, ya toshe hanya, idan aka kashe inji zuƙar ta saki, shi kuma ya sake komawa yawonsa, wataƙila ba zai dawo ba sai bayan mako guda. Don raba gardama a kan dukan waɗannan aka ƙirƙiro gwajin galan: a ɗaure galan ɗin mai a kan rufin mota ko a ba yaro ya riƙe sama, a ja tiyo daga gare shi kai tsaye zuwa kafireta, a bi hanyar da ta saba cijewa. Idan ta wuce lafiya, laifin yana tsakanin tanki da famfo, idan ta sake yi kuma an wanke wannan ɓangaren gaba ɗaya. Gwaji ne mai haɗari, gobara ba ta da nisa da shi, amma ta fuskar tunani babu abin da injiniya zai kushe masa, tunda ya raba matsalar gida biyu da aiki guda.

Ita kanta kafiretar, wadda da farko ta kamfanin Solex ce kafin a koma ta Zenith a 1967, ta sha zargi fiye da laifinta. Gaskiya ne cewa ƙwayar yashi ɗaya na iya toshe jet, wato ɗan hujin da mai ke fita ta cikinsa a aune, ta kuma kauce da kanta idan mota ta faɗa rami, kuma an san ta Zenith da lanƙwashewar fuskokin da ke haɗuwa, abin da ake gyarawa da goga su a kan takardar yashi da aka shimfiɗa bisa gilashi. Amma kanikawan Ingila suna da wani zancen barkwanci cewa yawancin ciwon kafireta a wajen lantarki yake, kuma duk wanda ya daɗe a sana'ar ya san akwai gaskiya a ciki. Kafireta tana sama, tana da sukurori masu kiran hannu, don haka ita ake fara taɓawa, sau da yawa a ɓata mata saiti a ƙara wa mota ciwo na biyu a kan na farko.

Tsarin wutar da tsohuwar Land Rover ke amfani da shi ya girme ta da kusan shekara arba'in, domin Charles Kettering ne ya tsara shi a Amurka wajen 1910, kamfaninsa mai suna Delco ya yaɗa shi, kuma daga wannan suna ne kalmar dilko ta samo asali, wato na'urar da ke raba wuta ga fulogai bi da bi, ko da yake ta Land Rover kamfanin Lucas ne ya ƙera ta. A cikin dilko akwai wasu ƙarafa biyu masu haɗuwa suna rabuwa, waɗanda ake kira kwantak, kuma duk lokacin da suka rabu sai kwayil ya mayar da wutar batir mai ƙarfin bolt 12 zuwa dubbai masu yawa, ta bi waya ta fita a bakin fulogi. Tazarar buɗewarsu ba ta kai rabin milimita ba, kuma a daji, inda babu ma'auni, akan kwatanta ta da kaurin kwalin ashana. Kusa da su akwai wata 'yar gwangwani da ba ta kai yatsa ba, kwandansa, wadda aikinta shi ne hana wuta ƙona bakin kwantak da kuma ƙarfafa tartsatsi. Kwandansa da kwayil duka suna da hali ɗaya idan sun fara gajiya: da sanyi suna aiki daidai, idan suka ɗauki zafi rufin da ke cikinsu ya saki, tartsatsi ya raunana, injin ya fara misin, wato wata silinda tana tsallake bugunta, musamman a hawa inda matsi ya fi yawa kuma wuta ta fi shan wuyar tsallaka bakin fulogi.

Alamomin wannan sun yi kama da na tafasar mai ƙwarai, tunda duka biyun zafi ne ke kawo su, hutu kuma ke kore su, kuma a nan ne ake gane gwani. Yunwar mai takan zo a hankali, mota ta riƙa numfashi sama-sama, ta ɗan farfaɗo idan an sassauta totur, ita kuwa yankewar wuta takan zo da fizga, wani lokaci har da harbi ta salansa saboda man da bai ƙone ba ya taru a can. Ba a barin injin ya huce kafin a gwada, sai a zare babbar wayar da ta fito daga kwayil, a riƙe ta da busasshen tsumma kusa da ƙarfen injin, yaro ya murza makulli. Tartsatsi shuɗi mai ƙara kamar karyewar tsinke yana nufin wuta lafiya take, ja ko ɗorawa mara kuzari kuwa yana nuna inda za a nufa. A taɓa kwayil da bayan hannu, idan ba ya taɓuwa ya tona kansa. Mafi ɓoyuwar duka ita ce wata siririyar waya a cikin dilko da ke lanƙwasawa duk lokacin da farantin kwantak ya motsa, har zaren tagullar da ke cikinta ya karye alhali rigarta lafiya lau, sai ta riƙa haɗuwa tana rabuwa gwargwadon yadda aka taka totur. Ba a gane ta da ido, sai an ja ta da yatsu an ji tana miƙewa kamar roba.

Injin dizal, wanda Land Rover ta fara sakawa a 1957 ta kuma faɗaɗa shi zuwa lita biyu da kwata a 1961, ya kawar da kwayil da kwantak da fulogin wuta, domin zafin matsi kaɗai ke kunna man, amma ya zo da nasa maƙiyin, wato iska. Huji ƙanƙane a bututun da ke tsakanin tanki da famfo ba ya ɗigar da mai a gani, sai dai ya zuƙi iska, kuma kumfa kaɗan sun isa su hana famfon da ke harba mai zuwa nozul tara matsin da yake buƙata. Kanikawa sukan ce mota ta sha iska, su sassauta noti su fitar mata da ita, amma sanin ta inda take shiga sai da dabarar saka guntun farin tiyo mai nuna ciki a wurare daban-daban, ana bin kumfar baya-baya har a iso inda ta fara.

Daga tsakiyar shekarun 1980 yanayin sana'ar ya sauya ta wata fuskar da ba ta shafi injiniyanci ba. An yi zamanin da ake harhaɗa Land Rover a masana'antar Leyland ta Ibadan, ana kuma samun kayan gyara na asali a kantunan dillalai, amma bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 da faɗuwar darajar naira, sabbin kaya suka fi ƙarfin yawancin masu mota, kasuwannin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suka zama madogara, da kayan gwanjo da kuma sababbi na jabu. Sakamakon haka wata tsohuwar ƙa'ida ta rushe, wato cewa abin da aka sake sabo ya fita daga zargi. Sabuwar kwandansa a cikin kwalinta tana iya zama ta fi tsohuwar muni, shi ya sa masu hankali suka koma aron kayan gwaji daga motar da aka tabbatar tana aiki, suka kuma daina jefar da na asalin da suka cire. Wahalar mai ta shekarun 1990 ta ƙara dagula lissafi, domin man da ake saya a galan a hannun 'yan cuwa-cuwa yakan zo da ruwa ko datti ko gaurayen kananzir, har tambayar inda aka sha mai ta koma gaban sauran tambayoyi. Ko a watan Fabrairun 2022 hukumomin Nijeriya sun tabbatar da shigowar fetur mai sinadarin metanol fiye da kima, wanda ya lalata motoci da dama. Dole a faɗi cewa a wannan zamani ne kuma wata mummunar ɗabi'a ta yi ƙarfi a wasu garejoji, ta sauya kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗin mai mota har a dace, kuma ciwo mai zuwa yana tafiya shi ya fi ba ta mafaka, tunda duk abin da aka sauya motar za ta yi kwana biyu lafiya ko da ba a taɓa ainihin laifin ba.

A wannan tsakanin Toyota ta karɓe filin. Land Cruiser samfurin 70 ta fito a 1984, yaƙin Chadi da Libiya na 1987 ya ƙara wa akori-kurar kamfanin suna, kuma injin dizal mai lita 4.2 da ake kira 1HZ, wanda aka fara a 1990, ya samu karɓuwa wurin direbobin Agadas da sauran hanyoyin Sahara, ba don gudu ba, sai don famfonsa na ƙarfe ne zalla, ana iya bin ciwonsa da ido da kunne da farin tiyo kamar yadda aka gada.

A ƙasashen da ake ƙera motoci kuwa dokokin hayaƙi sun tura aikin kafireta da dilko hannun kwamfuta. Jihar Kalifoniya ta fara tilasta wa motoci su riƙa lura da lafiyar kansu a 1988, daga 1996 kuma duk sabuwar ƙaramar mota a Amurka sai ta zo da soket iri ɗaya da ake jona na'urar karanta laifi, Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, a 2004 ga na dizal. Amfanin wannan ga ciwo mai ɓuya a fili yake, domin kwamfutar tana cikin motar lokacin da abin ya faru, tana kuma ajiye lambarsa, wato ta ɗauki matsayin da direba ke da shi na shaida. Sai dai lambar tana faɗin layin da aka ga saɓani ne, ba ta faɗin abin da ya haddasa shi. A cikin injunan Land Rover na wannan zamani akwai Td5 mai silinda biyar da ya fito a 1998, wanda kwamfuta ke sarrafa nozulolinsa, kuma ba a daɗe ba aka san shi da wani rauni mai zuwa yana tafiya. Wayoyin nozulolin suna kwance ne a cikin murfin saman injin, inda baƙin mai ke wanke su, man kuma yakan bi cikin zaren wayar a hankali kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, ya yi tafiyarsa har ya iso soket ɗin kwamfutar, wadda a samfurin Defender take ƙarƙashin kujera. Na'urar bincike za ta nuna laifin nozul, wanda ya gaskata ta kai tsaye zai sayi nozul mai tsada, wanda kuwa ya san halin motar zai ɗaga kujera ya zare jan soket ɗin ya duba ko akwai danshin mai a bakinsa, idan ya samu ya wanke, ya sauya damin wayar da ke cikin murfin.